Sito Kusa da Kicin: Jawabi a Kan Gasar Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarmu, injiniyan lantarki, ya gabatar a zauren makaranta ranar taron shekara. Mun buga shi kamar yadda ya miƙo mana.



Da farko ina neman afuwar dattawa. Na san wasunku da suka ga an rubuta a takardar shirye-shirye wai za a yi jawabi a kan kwamfutar wasa, sun ce a ransu, "Ashe abin har ya kai haka? Mu baro gidajenmu, mu sha tafiya, a zo a yi mana zancen wasan yara?" To ku yi mini haƙuri kaɗan. Ba ni na zaɓi maganar nan ba, kuɗinku ne suka zaɓe ta.

Ga yadda aka yi. Kun tuna bara a cikin zauren nan aka yanke shawara ƙungiya za ta gyara ɗakin kwamfuta na makaranta, kowane aji ya kawo gudummawarsa. Da kuɗi suka taru, kwamiti ya nemi farashi daga 'yan kasuwa uku. Takarda ɗaya ta zo da kuɗin da suka fi na sauran nesa ba kusa ba, a jikinta an rubuta sunan wata furosesa, watau ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai ƙarewa da X3D, aka ƙara da cewa babu mai saurinta a duniya. Nan kwamiti ya rabu biyu. Wasu suka ce mu da muka yi karatu ko tafireta ba mu taɓa ba, ai yaranmu sun cancanci mafi kyau. Wasu suka ce in aka bi ta nan kuɗin ba za su cika rabin ɗaki ba. Shi ne Ma'aji ya buga mini waya cikin dare, ya ce, "Injiniya, zo ka raba mu, kuma a gaban jama'a za ka yi, kada a ce mun haɗa baki." Saboda haka na zo in faɗi mene ne wannan abu, me ya sa ake yabonsa, sa'an nan in faɗi ra'ayina.

Zan fara da kuskuren da ni kaina na yi, ni da ake kira injiniya. Shekaru kaɗan da suka wuce ɗana ya dame ni in haɗa masa kwamfuta, wai ta karatu, amma ni da shi mun san gaskiya. Na tafi kasuwa na zaɓi furosesar da lambar saurinta ta fi girma a jikin kwali, domin haka muka saba tun zamanin da muke haɗa kwamfuta a shago. Ba a yi wata biyu ba sai ya zo mini da fuska a murtuke, ya ce ta abokinsa lambarta ba ta kai tamu ba, ba ta cin wuta kamar tamu, amma ta fi tamu santsi a wasa. Na ce ƙarya ne. Muka je gidan yaron na gani da idona. Ranar na koma karatu, abin da na karanto kuwa shi zan raba da ku yau.

Furosesa tana aiki ne da bugu, kamar agogo. In an ce tana da gigahaz 5, ana nufin tana bugawa sau biliyan 5 a cikin sakan ɗaya. Malaminmu na kimiyya, Allah ya jiƙansa, ya koya mana cewa haske yana tafiyar kilomita dubu 300 a sakan. To ku yi lissafi. Tsakanin bugu ɗaya da na biye, haske da kansa bai wuce tafiyar santimita 6 ba, tsawon ɗan ƙaramin yatsana ke nan. Idan abu ya kai wannan sauri, nisa kome ƙanƙantarsa sai ya zama matsala. Shi ya sa furosesa ba ta cika gajiya da lissafi ba, abin da ke cinye mata lokaci shi ne jiran a kawo mata abin da za ta yi lissafin da shi.

Waɗanda suka yi kwana a makarantar nan ba sai an yi musu dogon bayani ba. Kun tuna kicin ɗinmu yana nan bayan ɗakin cin abinci, sito kuwa yana can hayin filin ƙwallo. Ranar da aikin kicin ya faɗo kan ajinku, ku ne masu ɗauko buhu. Baba kuku mutum ne mai zafin nama, in kayan miya suna gabansa kafin ka ce kwabo ya gama. Amma sau nawa muka gan shi tsaye, wuta tana ci, ruwa yana tafasa, shi ko yana jiran yaran da aka aika su karɓo manja wurin mai sito? A wannan hali ko an kawo kukun da ya fi shi sauri sau goma, tuwo ba zai sauka da wuri ba. Sai dai a sami kuku mai saurin jira.

Haka kwamfuta take. Babban siton shi ne abin da masu gyara ke kira ram. Ƙaramar ma'ajiyar da ke cikin furosesar kanta, wadda Turawa ke kira kash, ni kuwa zan kira ta ma'ajiyar kusa, ita ce teburin kuku da kabad ɗin da ke bayansa. Hawa uku ake yi mata, ƙarama, matsakaiciya da babba. Da a ce bugu ɗaya daidai yake da sakan ɗaya namu, to ɗauko abu daga ƙaramar zai ci kamar sakan 4, daga babbar bai kai minti ɗaya ba, amma zuwa ram da dawowa sai ya kusa minti 6. Duk abin da aka nema aka same shi a kabad, an huta da tsallaka filin ƙwallo.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. Furosesar 486 da Intel ya fitar a 1989 tana da ma'ajiyar kusa ta kilobait 8. A 1998 kamfanin ya so ya yi abu mai araha, sai ya fitar da Celeron ta farko ba tare da ma'ajiya ta biyu ba, ta sha suka saboda nawa, kafin shekara ta ƙare ya fito da 300A mai kilobait 128, sai ga shi ta zama abin so. Me ya hana a yi ta ƙara girman ma'ajiyar tun tuni? Fili. Kowane ɗigon bayani ɗaya a irin wannan ma'ajiya yana cin tiransista 6. Megabait 64 kaɗai zai ci tiransista fiye da biliyan 3. In ka shimfiɗa wannan a gefen furosesa, ɓallin silikon ɗin zai faɗaɗa, tsadarsa ta ƙaru, waɗanda ke lalacewa a masana'anta su yawaita, daɗin daɗawa kuma ƙarshen kabad ɗin ya yi nisa da kuku, an koma gidan jiya.

To mutumin birni in fili ya ƙare masa, iyali kuma sun ƙaru, me yake yi? Bene yake ɗorawa. Abin da kamfanin AMD ya yi ke nan. A tsakiyar 2021 shugabar kamfanin, Dokta Lisa Su, ta ɗaga wata furosesa a bikin baje kolin Computex, ta nuna an ɗora wani ɓallin silikon na biyu, wanda ma'ajiya ce zalla ta megabait 64, a bisan na farko. Ba da dalma aka liƙa su ba. Ana goge fuskokin biyu ne har su yi sumul ƙwarai, a haɗa jan ƙarfe da jan ƙarfe kai tsaye, saƙo ya riƙa hawa da sauka ta wasu ƙananan ramuka da aka huda cikin silikon ɗin. Har sai da aka kankare ɓallin ƙasa ya sirance, domin murfi ya rufu kamar yadda ya saba. Dabarar liƙin ta kamfanin TSMC ce na Taiwan, shi ne kuma ke ƙera wa AMD kayan. Suka sa wa abin suna 3D V-Cache, shi ne asalin X3D ɗin da ke cikin takardar kwamiti.

Ta farko da ta shigo kasuwa ita ce Ryzen 7 5800X3D, a watan Afrilu na 2022, a kan dala 449. Tana da ƙwayoyin aiki 8, watau kuku takwas a kicin ɗaya, da babbar ma'ajiya ta megabait 96 maimakon 32. Ku gwada da kilobait 8 na 486, ninki fiye da dubu 12 ke nan. Ga kuma abin dariyar: lambar saurinta ta yi ƙasa da ta 'yar'uwarta marar bene. Waccan tana kaiwa gigahaz 4.7, wannan 4.5. A cikin watan nan ne Intel ya fitar da Core i9-12900KS mai kaiwa gigahaz 5.5, a kan dala 739. Da masu gwaji suka jera su a wasanni, sai aka ga sun yi kunnen doki, nan wannan ta wuce, can waccan ta wuce. Mai ƙaramar lamba da ƙaramin farashi ta kamo babba. Bugu da ƙari, tana shiga gurbin AM4, saboda haka mutane da yawa masu tsohon allo tun na 2017 sabunta manhajar allon kawai suka yi, suka cire tsohuwa suka sa sabuwa.

Me ya sa wasa ne ya fi cin moriyar wannan bene? Wasan kwamfuta hotuna ne ake zanawa ɗaya bayan ɗaya. In ana son hoto 60 a sakan, kowane hoto yana da kashi 1 cikin 60 na sakan a gama shi, in kuwa 240 ake so, kamar yadda masu gasa ke nema, lokacin ya ragu sau huɗu. A cikin wannan ɗan ƙiftawa furosesa za ta duba inda kowane ɗan wasa yake, ina ƙwallo ta nufa, wa ya taɓa wa, sa'an nan ta ba katin hoto umurni ya zana. Bayanan a warwatse suke, ba a san wanda za a nema gaba ba, amma kusan su ɗin ne ake ta nema a kowane hoto. Irin aikin da babban kabad ke yi wa rana ke nan. AMD ya ce ƙarin ya kai kimanin kashi 15 cikin ɗari a matsakaici. A wasanni masu tarin abubuwa, irin su Microsoft Flight Simulator na koyon tuƙin jirgin sama, ƙarin ya fi haka. Abin da ɗana ya kira santsi kuwa shi ne raguwar ɗan tsaikon nan da ke zuwa jefi-jefi, sa'ad da aka aika yaro sito aka tsaya jiransa.

Amma fa bene yana da nasa laifi. Ɗakin da aka ɗora a kan kicin yana tare zafi. Shi ya sa aka rage saurin ta farkon, aka kuma hana masu son ƙure inji su ƙara mata wuta. A aikin da ba ya bukatar babban kabad, kamar haɗa bidiyo, 'yar'uwarta marar bene ta ɗan fi ta. A 2023 aka fitar da 7950X3D mai ƙwayoyi 16, amma rabinsu kaɗai ke da benen, sai da aka haɗa da manhaja mai gane cewa wasa ake yi, ta tura aikin ɓangaren da ya dace, wani lokaci kuma ta yi kuskure. Shi ya sa ƙaramarta, 7800X3D mai ƙwayoyi 8 da ta fito a Afrilun shekarar, ta fi farin jini wurin masu wasa. A shekarar nan ma an sami wasu da suka ƙone a gurbinsu domin allo yana ba su wuta fiye da kima, har aka taƙaita wutar ta hanyar sabunta manhaja.

Sai a watan Nuwamba na 2024 suka yi abin da ya fi burge ni a duk labarin nan, domin sauƙinsa. A 9800X3D sai suka juya ginin. Sito ya koma ƙasa, kicin ya hau sama kusa da murfi da fanka, inda zafi zai fita kai tsaye. Da haka sauri ya kai gigahaz 5.2, aka kuma cire takunkumin ƙara wuta. In ka ji shi sai ka ce ai kowa ma zai iya tunanin wannan. Amma sai da aka sake tsara yadda wuta da saƙo za su ratsa ta cikin ɓallin ƙasa su isa na sama, aikin shekaru ke nan.

Yanzu bari in koma kan kamfanonin biyu, domin ba a fahimtar wannan bene sai an san rigimar da ta haife shi. Intel da AMD 'yan gida ɗaya ne. Robert Noyce da Gordon Moore sun bar kamfanin Fairchild suka kafa Intel a 1968, Jerry Sanders ya bar wurin ya kafa AMD a 1969, duka a jihar Kalifoniya ta Amurka. Da IBM ya zaɓi furosesar Intel domin kwamfutarsa ta 1981, ya ƙi yarda ya dogara da mai kawo kaya ɗaya, shi ne a 1982 aka ba AMD izinin ƙera irinta. Tun daga nan suke fafatawa, a kasuwa da a kotu. A watan Maris na 2000 AMD ya riga Intel kaiwa gigahaz 1 da kwana biyu kacal. A 2006 Intel ya dawo da Core 2 Duo ya ƙwace gaba. A 2009 ya biya AMD dala biliyan 1.25 domin a sasanta ƙarar da ke tsakaninsu.

Daga nan AMD ya shiga uku. Zubin da ya fitar a 2011 mai suna Bulldozer bai yi abin kirki ba. A 2013 har ya sayar da wata mai kaiwa gigahaz 5, tana cin wuta wat 220, amma duk da haka ta Intel mai ƙaramar lamba ta fi ta a wasa. A 2015 hannun jarin kamfanin ya faɗi ƙasa da dala 2, mutane suna ta yi masa jana'iza tun bai mutu ba. Ku dubi abin da ya sami masu saye a waɗannan shekaru. Daga 2011 zuwa farkon 2017, babbar furosesar da Intel ke sayar wa talakan mai kwamfuta ƙwayoyi 4 ce, kowace shekara a ɗan taɓa ta a sake mata suna. Sai AMD, a ƙarƙashin Lisa Su da ta karɓi ragama a 2014, ya fito da Ryzen mai ƙwayoyi 8 a Maris na 2017. Kafin shekarar ta ƙare Intel ya kai 6, shekara mai zuwa ya kai 8. Ashe da ma ana iyawa. Kowa a nan ya san yadda farashi yake a unguwar da mai shago ɗaya ne.

Wani abin lura, Intel ya riga AMD ɗanɗana wannan hanya. A 2015 ya fitar da Core i7-5775C mai ƙarin ma'ajiya ta megabait 128 a gefe, ba bene ba, ta kuma yi rawar gani a wasanni, amma bai ci gaba da ita a kwamfutar tebur ba. Sa'ad da X3D ta zo, amsar da ya bayar ita ce ƙara wa kuku sauri: gigahaz 6 a 2023, 6.2 a 2024. Sauri kuwa wuta yake ci. A gwaje-gwajen wasa, 7800X3D ba ta cin rabin wutar babbar ta Intel. A 2024 aka yi ta kai kuka cewa manyan furosesocin Intel na zubi na 13 da na 14 suna tsayawa ana tsakiyar aiki. Kamfanin ya amsa cewa wutar da ta wuce kima ce ke raunana su a hankali, ya fitar da gyara, ya ƙara shekara 2 a kan garanti. Sabon zubin da ya kawo a Oktoban shekarar, Core Ultra 9 285K, ya rage cin wuta, yana da ƙarfi a aikin ofis da na bidiyo, amma a wasanni da dama bai ma kamo wanda ya gada ba. A Disamba shugaban kamfanin, Pat Gelsinger, ya sauka, Lip-Bu Tan ya hau a Maris na 2025, a Agustan 2025 kuma gwamnatin Amurka ta karɓi kusan kashi 10 cikin ɗari na hannun jarin kamfanin. Ba wasan yara kaɗai ya jawo duk wannan ba, asarar masana'antu da wasu dalilai sun fi nauyi, amma ya taɓa martabarsa a idon matasa, su ne kuwa masu saye na gobe.

Kada wani ya ji wannan ya ce Injiniya ɗan AMD ne. Ni ba ɗan kowa ba ne. A 2005, lokacin da AMD ke gaba, shi ma ya sayar da furosesa ɗaya a kan dala dubu. Da 9800X3D ta fito ba ta da abokiyar karawa, farashi ya hau zuwa dala 479, ta yi wuyar samu na watanni, 'yan sari suka ɗora nasu. Ni fatana Intel ya miƙe, ba don ina ƙaunarsa ba, sai don aljihuna. Ku kuma sani, waɗannan kishiyoyi biyu, 9800X3D da 285K, muhimmin ɓangarensu duka TSMC ne ya ƙera a Taiwan. Masu faɗa biyu, maƙeri ɗaya.

Ku 'ya'yanmu na baya, na ga kun farka tun da aka ambaci wasa. Na san ana tsallaka katanga a je gidan gem, kada Shugaban makaranta ya dube ni, a zamaninmu silima ake tsallakawa dominta. PlayStation 5 ɗin da kuke bugawa a can, ƙwaƙwalwarta ta AMD ce. Abin da nake so ku riƙe shi ne, wannan benen da ake yi wa kirari a wasa, shi aka sa a manyan furosesocin EPYC a 2022, har megabait 768, domin injiniyoyi masu lissafin yadda iska ke bi ta jikin mota da jirgi, da masu hasashen yanayi. Kuma waɗanda suka ƙera shi, lissafi da kimiyyar da kuke gudu ranar Litinin da safe suka karanta.

To mu dawo kan takardar kwamiti. Ɗan kasuwar nan bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, rabin magana ya faɗa. A wasa, lalle irin wannan furosesa ta yi fice. Amma ba ta nuna bajintarta sai an haɗa ta da katin hoto wanda sau da yawa ya fi ta tsada, da allon kallo mai iya nuna hoto fiye da ɗari a sakan. Allon kallo na yau da kullum 60 yake nunawa, ko an zana dubu ba za a gani ba. Mu kuwa me za a yi a ɗakinmu? Koyon buga rubutu, lissafin jadawali, fara rubuta manhaja, da gwajin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta. Duk wannan aiki ɗan ƙaramin kabad ya ishe shi. Yaron da ya zo daga ƙauye bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ba megabait 96 ne matsalarsa ba. Matsalarsa su biyar ne a kan inji ɗaya, kafin layi ya zo kansa an buga ƙararrawa, ko an ɗauke wuta.

Saboda haka ra'ayina, Shugaba, kada a saya. A ɗauki furosesa matsakaiciya mai ƙwayoyi 4 ko 6, wadda ke da sashen hoto a cikinta ba sai an sayi kati ba, ta Intel ko ta AMD, duk wadda ta fi araha ranar da aka je kasuwa. A sa ram da bai gaza gigabait 8 ba, da ma'ajiya irin ta SSD, domin ita ce za ta sa yaro ya ji inji yana tashi da wuri. A yawaita injunan gwargwadon kujerun ɗakin. Abin da ya saura a zuba shi a sola da batura da fankoki, domin kowane wat da inji ya ci, batir ne zai biya, zafinsa kuma a cikin ɗakin zai zauna, ku kuwa kun san yadda ɗakin nan yake a watan Afrilu. A kuma ware wani abu na gyara, kada mu dawo bayan shekara biyu mu tarar da rabinsu a lulluɓe da ƙura saboda abin da bai taka kara ya karya ba.

Ga yayyena na kwamiti da suka so mafi kyau, na fahimci zuciyarku, ni ma ita ta kai ni na sayo babbar lamba. In ajinmu ya yarda, kuma na riga na tuntuɓi wasu, mu za mu haɗa inji ɗaya mai ƙarfi da kuɗinmu, ban da na ƙungiya, a ajiye shi a hannun malamin kwamfuta domin 'yan kulob ɗin kimiyya. Sharaɗi ɗaya ne, ɗalibai ne za su haɗa shi da hannunsu ina tsaye, tun daga ɗaura allo har shafa man sanyaya.

Na zo da wata tsohuwar Pentium II ta 1997 da na fasa murfinta. A cikinta za ku ga furosesar a tsakiya, ma'ajiyar kuma daban a gefe, a kan allo ɗaya, kamar kicin da siton makarantar nan. Tana kan teburin bakin ƙofa, duk mai son gani ya zo bayan an ci abinci, amma a taɓa ta gefe-gefe, kuma a mayar mini da ita.

Shugaba, na ci lokaci fiye da yadda aka ba ni.